Kunne mai zubar da mugunya, sanƙarau da kurumtar jijiya: tambayoyin da ake yawan yi a zangon Kumasi

A Aboabo, Asawase, Sawaba da Allabar, da wuya ka shiga gida mai yara da yawa ba ka tarar da wanda kunnensa ke tsiyaya ba, ƙudaje na binsa, uwar na sharewa da bakin zani. An saba gani har an daina ɗaukarsa ciwo. Yawancin masu irin wannan kunne ba abin da ke samunsu da ya wuce raguwar ji, amma a cikinsu ne ake samun waɗanda ciwon ke haurawa ƙwaƙwalwa, da waɗanda jinsu ke tafiya ba dawowa. Amsoshin nan ba za su maye gurbin likitan da zai leƙa kunnen da fitilarsa ba. Amfaninsu shi ne mutum ya san lokacin da jira ya ƙare.

Kunnen ɗana yana zubar da ruwa tun bara, amma ba ya masa ciwo. Ba idan ya girma zai daina ba?

Rashin ciwon ne ke ruɗin iyaye. Yawanci abin kan fara da mura. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa bayan hanci da tsakiyar kunne, kuma a wajen yara gajeriya ce, a kwance take, don haka ƙwayoyin cuta ke saurin bin ta. Mugunya ta taru a bayan dodon kunne, yaro ya kwana yana kuka da zazzaɓi, sai dodon kunnen ya huje, mugunyar ta samu mafita, ciwo ya lafa. A nan ne gida ke cewa alhamdulillahi, ya fashe. Sau da yawa ramin kan rufe da kansa cikin 'yan makonni. Idan bai rufe ba, ruwan ya ci gaba da fita fiye da mako 2, Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa shi a matsayin ciwon kunne mai daɗewa, kuma wannan ba ya jin maganin da ake saye a kemis a sha kwana uku a ajiye.

Wasu kan bushe da kansu, gaskiya ne. Amma kowace shekara da kunnen ya yi yana ruɓa tana cin ƙananan ƙasusuwa uku da ke tsakiyar kunne, gubar ƙwayoyin cutar kuma tana iya ratsawa can ciki ta taɓa wurin da jijiyar ji take. Yaron da ke zaune a bayan aji da kunne ɗaya a toshe, malam zai ce ba ya mai da hankali, a gida kuma a ce kunnen ƙashi ne da shi.

Ina ruwan kunne da ƙwaƙwalwa? Ta ina ciwon zai bi ya kai can?

Maƙwabta ne na kusa, kamar mai ɗakin ƙasa da mai ɗakin sama da silin ɗaya ya raba. Rufin tsakiyar kunne ƙashi ne siriri, a wasu wuraren kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, kuma ƙwaƙwalwa a kansa take zaune. Ƙashin nan mai tudu da kake taɓawa a bayan kunnenka ba dunƙulalle ba ne, cike yake da ƙananan ramuka masu iska da suka haɗe da tsakiyar kunne. A bayansa akwai wata babbar jijiyar jini da ke kwaso jini daga ƙwaƙwalwa zuwa wuya, sannan ga sashen ƙwaƙwalwa na ƙeya wanda ke kula da daidaiton tafiya. Jijiyar da ke motsa fuska ma ta cikin wannan ƙashi ta ratsa.

Ciwon na iya cinye ƙashin sannu a hankali har ya ɓulle. Yana iya bin ƙananan jijiyoyin jini ya tsallaka ba tare da ya fasa ƙashi ba. Yana kuma iya shiga kunnen ciki ya bi ta nan. Idan ya isa, abin da zai haifar ya danganta da inda ya tsaya: sanƙarau, idan ya kama rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, taruwar mugunya tsakanin ƙashi da wannan riga ko a ƙarƙashinta, ƙurji a cikin ƙwaƙwalwar kanta, ko daskarewar jini a waccan babbar jijiya, wanda ke zuwa da zazzaɓi mai hawa da sauka da karkarwa, har a rantse zazzaɓin sauro ne.

Akwai nau'in da likitocin kunne suka fi tsoro, kolestiyatoma. Ba kansa ba ce. Fatar dodon kunne ce ke lotsawa ciki ta zama jaka, matacciyar fata ta riƙa taruwa a cikinta, jakar na girma tana narkar da ƙashin da ke kewaye da ita. Ruwan da irin wannan kunne ke fitarwa ba shi da yawa, wani lokaci ma sai an leƙa ake ganinsa, amma warinsa ya fita daban, na ruɓa ne sosai. Maganin ɗigawa ba ya kawar da ita. Tiyata ce kaɗai.

Waɗanne alamu ne ke nuna a tashi a tafi asibiti yanzu, ko da tsakar dare ne?

Abu na farko da nake so kowace uwa ta riƙe: kunnen da ya daɗe yana tsiyaya bai saba ciwo ba. Ranar da ya fara ciwo mai zurfi, ko ciwon kai ya kama ɓangaren kunnen ya ƙi jin farasitamol, wani abu ya canza. Haka nan idan ruwan ya ɗauke farat ɗaya sai ciwon kai da zazzaɓi suka biyo baya. Wannan ɗaukewar ba warkewa ba ce, mai yiwuwa hanyar fita ce ta toshe mugunyar ta nemi wata.

Sai kumburi a bayan kunne, da ja da zafi, har ya turo kunnen gaba ya fi ɗan'uwansa fitowa. Sai amai ba tare da gudawa ba, ƙagewar wuya, gudun haske, yawan barci ko magana ba kai, jijjiga, jiri mai juya ɗaki, tafiya ana tangaɗi, ganin abu biyu-biyu. A wajen jariri kuwa wuya ba lallai ya ƙage ba, sai dai ya ƙi nono, ya yi ta kuka mai tsini ko ya yi laƙwas, maɗigarsa ta kumbura.

Karkacewar baki na buƙatar magana ta musamman. Idan aka wayi gari bakin mutum ya koma gefe guda, ido ɗaya ba ya rufuwa, abin da ake fara cewa a unguwa shi ne iska ta mare shi, a nufi wajen malam. Ba wanda ya hana addu'a da tofi. Amma idan gefen da ya shanye shi ne gefen kunnen da ke ruwa, to ciwon ya kai jijiyar fuska, kuma tsakaninta da ƙwaƙwalwa ba nisa. A yi addu'ar a cikin mota.

Ƙurjin ƙwaƙwalwa yana da wata yaudara. Bayan 'yan kwanakin zazzaɓi da ciwon kai na farko, mutum kan samu sauƙi na kwanaki ko makonni, sai ɗan kasala da rashin cin abinci, alhali mugunya na taruwa. Daga nan sai ya faɗi gaba ɗaya.

Wane asibiti za mu je, kuma me za a yi masa?

Kunnen da ke tsiyaya kawai, a fara da asibitin da ke kusa, kamar na Manhyia, su duba su tura gaba idan da buƙata. Amma idan ɗaya daga alamun da ke sama ta bayyana, sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, shi ne wurin da likitocin kunne, hanci da maƙogwaro suke tare da masu tiyatar ƙwaƙwalwa. Lambar neman motar asibiti 112 ce. Mutanen Accra, Nima da Maamobi da Sabon Zango, asibitin Korle Bu ne nasu.

Da isa, a gaya wa likita tun farko cewa kunnen ya daɗe yana ruwa, ko da ya bushe a ranar. Mai zazzaɓi da jijjiga a garin nan, hankalin kowa kan zazzaɓin sauro yake fara tafiya, kuma mutum na iya ɗauke da duka biyun. Za a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi ta jijiya, wani lokaci na makonni. Za a iya ɗaukar hoton kai da na'urar siti-sikan don a ga ko mugunya ta taru. Idan ana zargin sanƙarau za a ɗebi ruwan ƙashin baya. Dangi kan tsorata da wannan, ana cewa yana gurgunta mutum. Allurar can ƙasan baya ake sa ta, ƙasa da inda lakar ta ƙare, kuma ita ke nuna wace ƙwayar cuta ce da maganin da zai kashe ta.

Idan akwai ƙurji za a zuƙe shi ko a buɗe a kwashe. Bayan haka dole a koma kan tushen, a buɗe ƙashin bayan kunne a share ruɓar. Wanda ya samu sauƙi ya gudu kafin a yi wannan aiki na biyu, ya bar ƙofar a buɗe.

Mene ne bambancin toshewar kunne da kurumtar jijiya?

Sauti na shiga ramin kunne ya kaɗa dodon kunne, ƙasusuwan nan uku su miƙa shi ciki. Duk abin da ya tare wannan hanya, dauɗar kunne ce, ruwa ne ko huji, toshewa ce. Mai ita idan ka ɗaga murya zai ji ka sarai, kuma sau da yawa ana gyarawa da wanki, magani ko tiyata.

Can ciki kuwa akwai katantanwar kunne, mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu gashi kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ke mai da motsin sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife mu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Lalacewarsu ko ta jijiyar ita ce kurumtar jijiya. Mai ita yakan ce, “Ina jin muryarka, amma ban gane me kake cewa ba.” Siraran sautuka irin su s, sh, f da ts ke fara ɓace masa, hira a taron suna ta gagare shi, ihu kuma ba ya ƙara masa komai sai zafi. Sau da yawa akwai ƙugi ko shuu a kunnen. Gwajin ji ne ke bambance su, ana yin sa a cibiyar gwajin ji ta Komfo Anokye.

'Yata ta warke daga sanƙarau, amma tun da muka dawo gida ba ta waiwayowa idan an kira ta. Mu jira ta ƙara ƙarfi?

Kada ku jira, Hajiya. Sanƙarau na cikin manyan abubuwan da ke kurumtar da yaron da aka haifa yana ji. Kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka tsira daga sanƙarau na bakteriya kan rasa wani ɓangare na ji, kuma idan ƙwayar numokokas ce adadin kan kai kusan uku cikin goma. Ita wannan ƙwaya, wadda ke kawo ciwon huhu, ita ce kuma kan gaba wajen kawo ciwon kunnen yara. Ita ce ta haddasa ɓarkewar sanƙarau a yankin Brong Ahafo daga ƙarshen 2015 zuwa farkon 2016, wato a maƙwabtanmu, ba can Wa ko Bawku da aka saba jin labari ba.

Duk wanda ya tashi daga sanƙarau, yaro ko babba, ya kamata a gwada jinsa kafin sallama ko cikin mako 4. Dalilin gaggawar shi ne bayan ciwon, katantanwar kunne na iya fara cikewa da ƙashi cikin makonni ko watanni. Idan ta cike, ko na'urar ji da ake dasawa a ciki ba za ta samu wurin shiga yadda ya kamata ba. Sannan yarinyar da ta riga ta iya magana, idan ta daina jin kanta, maganar kan fara lalacewa. A lura kuma da tafiyarta, domin sashen daidaito yana manne da na ji.

An ce allura ce ta kurumtar da shi. Da gaske allura na yin haka?

Wasu na yi. Jentamaisin, amikasin, kanamaisin da sitreftomaisin dangi ɗaya ne, suna ceton rai a ciwo mai tsanani, amma idan suka yi yawa, ko aka daɗe ana yi, ko ƙodar mutum ba ta aiki sosai, suna kashe waɗancan ƙwayoyi masu gashi. Sisfilatin, maganin kansa, shi ma haka. Kwinin kan sa kunne ƙugi da toshewa, amma yawanci yakan saki idan an daina.

Sai dai a yi adalci. Yaron da aka kwantar da sanƙarau ko jaririn da jininsa ya harbu, aka yi masa allura ya rayu, sau da yawa ciwon ne ya ɗauke jin, allurar ce ta bar shi da rai. Abin da nake ƙi shi ne allurar bayan kanti, wadda ake yi wa mutum saboda ya ce jikinsa ba daɗi, ba awon nauyi ba gwajin ƙoda. Wanda ke karɓar ɗaya daga cikin waɗannan magunguna ya ji ƙugi ko jiri, ya faɗa a ranar.

Na tashi da safe kunnena ɗaya ya ɗauke ɗif. Ba ciwo, ba ruwa. Dauɗa ce?

Tana iya zama ita, amma kada a yanke hukunci a gida. Akwai kurumtar jijiya da ke faɗowa farat ɗaya, cikin kwana 3 ko ƙasa da haka, yawanci a kunne ɗaya. Maganinta, wanda likita ne ke rubutawa, ya fi aiki idan an fara cikin mako 2 na farko. Gwada wannan: rufe baki ka yi gunji, mmm. Idan ka fi jin sautin a kunnen da ya ɗauke, alamar toshewa ce. Idan ya koma kunnen mai lafiya, ka nemi likitan kunne yau. Masu sikila, masu ciwon suga da hawan jini su fi kowa kula.

Ni a Suame Magazine, unguwar makanikai, nake aiki, ƙanena kuma injin niƙa yake tsaro. Ƙara na kurumtarwa ko sabo ake yi?

Abin da ake kira sabo shi ne farkon kurumtar. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke amfani da shi: ƙara mai ƙarfin desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), awa 8 a rana ita ce iyaka, kuma duk ƙarin desibel 3 na raba lokacin biyu. Injin yankan ƙarfe da dukan bodi sun wuce nan nesa. Ba sai ka nemi na'urar awo ba. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya daga gare ka ya ji, wurin na cin kunnenka. Idan ka tashi aiki kunne na shuu, ya ci. Auduga ba ta tare komai a nan, a nemi abin toshe kunne na roba ko na soso.

Sai kuma abin da ba a son a faɗa: lasifikar biki. Ana ɗora manyan akwatuna a bakin layi, a zaunar da mata da jarirai a goye dab da su tun la'asar har dare. Jaririn ba zai iya cewa a matsa ba.

Me za mu iya yi a gida? Alwala da wanka fa?

A bar zuba abubuwa: man zaitun, man kaɗanya, ruwan ganye, nonon uwa, turare. Kunnen da ya huje ƙofa ce a buɗe zuwa ciki. A bar sosa shi da tsinken tsintsiya, ashana ko gashin kaza. Maganin ɗigawa ma ba kowanne ba, domin wasu na ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin. Likitoci sun fi zaɓar irin su sifrofuloksasin ga kunnen da ke da huji.

Abin da ke taimakawa shi ne busarwa. A murza tsumma mai tsabta mai shan ruwa ko takarda mai laushi ta yi tsini, a sa a bakin ramin ta tsotse, a cire a sake sa wata har ta fito a bushe, sau 3 a rana, sannan a ɗiga maganin da aka rubuta. Ɗiga magani a kan tafkin mugunya asarar kuɗi ce. Lokacin wanka a shafa wa auduga basilin a toshe bakin kunnen. A alwala shafa ake yi da damshin yatsu, ba a buƙatar ruwa ya kwarara ciki. Yaro mai hujin kunne ba ya shiga rafi ko ruwan kwata bayan an yi ruwan sama. Mari a kan kunne, a gida ko a makaranta, yana fasa dodon kunne, wannan kam a daina shi.

Akwai rigakafi?

Akwai, kuma kyauta ne a wurin awon yara. Ghana ta fara allurar nan mai haɗin biyar a 2002, wadda a cikinta akwai kariya daga ɗaya daga ƙwayoyin sanƙarau na yara. Ta ƙara ta numokokas a 2012, shekarar da aka yi gangamin rigakafin sanƙarau nau'in A a yankunan arewa. Ta ƙyanda ma tana kare ji. Ba sa hana kowane ciwon kunne, amma suna rage mafi muninsa. Shayar da nono zalla wata 6 da nisanta jariri daga hayaƙin gawayi da na taba suna rage yawan ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara daga abubuwan da za a iya kaucewa yake.

Ɗanmu ya shekara biyu bai fara magana ba. Kakarsa ta ce babansa ma ya yi nauyin baki.

Wataƙila haka ne, amma a gwada kunnen tukuna. Jariri mai ji yakan firgita da ƙara tun yana ɗanye, ya juya wajen murya a wata 6, ya yi gwaranci kafin wata 9, ya fara kalma ɗaya-ɗaya wajen shekara guda. Tafa hannu a gabansa ba gwaji ba ne, idonsa ne zai amsa. Akwai na'urar da ke gwada jin jariri cikin 'yan mintuna yana barci. Wanda aka haifa bakwaini, ko ya yi shawara mai tsanani, ko ya daɗe bai yi kuka ba bayan haihuwa, ya fi buƙata.

Gado ma yana nan. Iyaye biyu masu ji na iya haifar kurma idan kowannensu na ɗauke da ƙwayar halittar a ɓoye, kuma auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwarsu. Ba laifin uwa ba ne ita kaɗai, ba kuma abin da ta ci ko ta tsallaka da ciki ba.

Idan an tabbatar jijiyar ce, shi ke nan?

Jin da ya daɗe da tafiya ba ya dawowa da magani, kuma duk mai sayar da kwalbar da ya ce tana tayar da jijiya kuɗinku yake so. Amma yawancin masu kurumtar jijiya suna da sauran ji, kuma na'urar ƙara ji da aka saita bisa sakamakon gwajin mutum tana taimakawa ƙwarai. Wadda ake saya a kasuwa ba saiti ƙara kawai take ƙarawa, tana iya cinye ragowar. A sani tun da wuri cewa inshorar lafiya ta ƙasa ba ta biyan kuɗin na'urar, ga batir da gyara, don haka dangi su zauna su yi lissafi. Mai kurumta mai tsanani akwai na'urar da ake dasawa a katantanwar kunne, tana da tsada sosai, kuma bayan tiyatar sai an yi dogon horon ji da magana.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiye yaro a gida shekara da shekaru ana neman magani, ba magana ba maganar hannu, har lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe ya wuce. Ghana ta daɗe da ilimin kurame: tun 1957 Andrew Foster, wani kurma baƙar fata daga Amurka, ya buɗe makaranta a Osu cikin Accra, daga baya ta koma Mampong-Akuapem. A yankin Ashanti akwai makarantar kurame a Jamasi, kan hanyar Mampong ta Ashanti. Maganar hannu ba ta hana yaro koyon magana da baki idan yana da sauran ji. Idan za a kai shi, uwa ko wani daga cikin yayyensa ya koyi maganar hannun tare da shi, don idan ya dawo hutu ya samu wanda zai gaya wa abin da ke damunsa.